Abin Da Ya Sa Madubin Likita Ke Ganin Ƙwayar Maleriya Amma Ba Ya Ganin Ta Shan Inna

Da zarar damina ta kankama a ƙasar Zamfara, sauro ya sami kududdufai, sai layin masu zazzaɓi ya yi tsawo a ƙofofin ɗakunan gwaji, tun daga Asibitin Tarayya na Gusau da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura, har ya zuwa manyan asibitocin Tsafe da Bungudu. Waɗansu a gwada su da 'yar tsinken nan ta gaggawa, waɗansu kuwa a soki ɗan yatsa, a ɗiga jini a kan fallen gilashi, a rina shi, kana ma'aikaci ya sunkuya a kan madubin likita yana murɗa shi sannu a hankali. Abin da idonsa ya gani, ko ya kasa gani, shi ne zai sa a bai wa yaro maganin zazzaɓin cizon sauro ko kuwa a koma neman wata cutar. Tun shekarar 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa tabbatar da cutar ta hanyar gwaji kafin a ba da magani, kuma Nijeriya ce ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da ita a duniya. Saboda haka ingancin wannan na'ura batu ne na rai da lafiya.

Akasarin jama'a, har da waɗansu masu sa hannu a takardun sayen kayan aiki, sun ɗauka cewa ƙarfin madubin likita shi ne yawan yadda yake ƙara wa abu girma. In an ce wannan yana ninka abu sau 1,000, wancan kuma sau 2,000, sai a ce na biyun ya fi. To amma fa girman hoto daban, fitowarsa daban. Masana sun fi shekara 150 da gano cewa akwai iyakar da kowane gilashi ba zai ƙetare ba komai ƙwarewar wanda ya sassaƙa shi, kuma abubuwa biyu ne suka shata iyakar, watau faɗin bakin da gilashin ke karɓar haske da shi, da kuma tsawon zangon hasken kansa.

Nisan matattara

Duk yaron da ya taɓa samun gilashi mai tudu a tsakiya, irin na tsohon tabarau, ya tara shi a rana har ya ƙona takarda, ya riga ya san rabin karatun. Gilashin yakan karya hasken rana ya tattara shi a ɗigo guda. Tazarar da ke tsakanin gilashin da wannan ɗigo ita ce ake kira nisan matattara. Gilashin da tudunsa ya yi yawa yakan karya haske da ƙarfi, matattararsa ta zo kusa. Wanda ya kusa zama shimfiɗaɗɗe kuwa, tasa matattarar tana can nesa.

A madubin likita, gwargwadon gajartar wannan nisa, gwargwadon girman da abu zai yi. Gilasan da ke jere a kan faifan da ake juyawa a ƙasan na'urar kowanne da nasa. Mai ninkawa sau 10 nisan matattararsa ya kai misalin milimita 16, mai sau 40 misalin milimita 4, shi kuwa mai sau 100 nasa bai cika milimita 2 ba, shi ya sa yake sauka har ya kusa sumbatar fallen gilashin. Da irin wannan dabara ce wani mai sayar da yadi a garin Delft na ƙasar Holan, Antoni van Leeuwenhoek, ya ga ƙananan halittu a cikin ruwa a shekarun 1670. Gilashinsa guda ɗaya ne tak, bai fi ƙwayar gero ba, amma saboda gajartar matattararsa yana ninka abu fiye da sau 200.

A kyamara da madubin hangen nesa al'amarin a juye yake. Tun da abin da ake kallo yana nesa, gilashi mai doguwar matattara shi ne ke jawo shi ya cika hoto. Wannan ne dalilin da ya sa masu ɗaukar hoto a filin hawan salla ke ɗauke da kyamarori masu dogon hanci.

Da a nan maganar ta tsaya, da sai a ce a yi ta gajarta matattara, a yi ta jera gilasai, har a ga ƙaramin abin da Allah Ya halitta. Haka maƙera gilashi na Turai suka yi ta zato shekaru da dama. Sun yi ta ƙara girma, hoton yana ƙara faɗi, amma babu wani sabon abu da ke bayyana a cikinsa, sai dai dushi-dushi, kamar mai leƙen gari ta cikin hazon hunturu.

Zangon haske

Masu sauraren rediyo a wannan ƙasa ba baƙi ba ne ga kalmar zango. Dattawa sun saba da neman tasha a kan mita 49 ko mita 31 a gajeren zango. Waɗannan mitoci ba komai ba ne illa tazarar da ke tsakanin tudun igiya ɗaya da na mai bi mata. Haske ma igiya ne, dangin igiyar rediyo, sai dai zangonsa gajere ne ƙwarai da gaske, har ba a auna shi da mita sai da nanomita. In aka raba milimita ɗaya gida 1,000, kowane kashi shi ne maikiromita. In aka sake raba maikiromita gida 1,000, kowane kashi shi ne nanomita. Hasken da idon ɗan Adam ke gani zangonsa daga kimanin nanomita 400 yake zuwa 700. Shuɗi shi ne a wajen gajere, ja a wajen dogo, kore kuma yana tsakiya, wajen 550.

Ɗabi'ar igiya ce in ta ratsa ta wata kafa sai ta bazu, kamar yadda ruwa ke bazuwa in ya fito ta bakin kwalbati. Gilashi kuwa, komai kyansa, kafa ce. Don haka ɗigon haske ba ya taɓa fitowa ɗigo a cikin hoto, sai dai ɗan tabo mai zagaye da zobba-zobba a kewaye. Wani masanin taurari na Ingila, George Airy, shi ya yi lissafin wannan tabo a 1835, kana Lord Rayleigh ya kafa ƙa'ida a 1879 ta yadda za a san lokacin da tabo biyu suka haɗe har ba a iya raba su. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin titin Tsafe zuwa Gusau da dare ya ga misalin haɗewar nan. Babbar mota tana tahowa daga nesa, fitilunta biyu ne, amma ido yana ganin ɗaya, har mutum ya zaci babur ne. Sai ta matso sannan hasken ya rabu biyu. Wannan ikon raba abu biyu da ke maƙwabtaka shi ne ainihin ƙarfin gilashi.

Faɗin tabon kuwa yana ƙaruwa in zangon haske ya yi tsawo, yana ƙaruwa in matattara ta yi nisa, yana raguwa in bakin gilashin ya yi faɗi. A nan ne gizo ke saƙa. Wanda ya tsawaita matattarar kyamara ba tare da faɗaɗa bakinta ba, ya ƙara wa hoton girma, ya kuma ƙara wa tabon girma daidai wa daida, bai ci ribar komai ba. Kamar almajiri ne da aka ba shi alƙalami mai kaurin baki, aka ce ya rubuta ƙananan baƙaƙe. Ko an ƙara masa allo, muddin da kaurin bakin alƙalamin zai ƙaru tare da allon, baƙaƙen za su ci gaba da cuɗewa.

Lissafin Abbe

Wanda ya warware wannan matsala a fannin madubin likita shi ne Ernst Abbe, malamin jami'a a garin Jena na Jamus, wanda ya yi aiki da maƙerin gilashi Carl Zeiss. A 1873 ya nuna cewa ƙaramar tazarar da madubi zai iya rarrabewa ita ce zangon haske a raba shi da ninki biyu na wata lamba. Lambar tana auna faɗin dalar hasken da gilashi ke iya haɗiyewa daga abin da ake dubawa, tare da irin abin da hasken ya ratso kafin ya shiga, ko iska ko ruwa ko mai. Ana iya kiranta lambar baki. A nan ne gajeriyar matattara ke da amfani na gaskiya, domin gilashin da ya sauko dab da abu yakan kama hasken da ke fitowa ta gefe-gefe, wanda na nesa zai rasa.

Wannan lamba ba a ɓoye take ba. Kowane ɗalibi a Kwalejin Kimiyyar Lafiya da ke Tsafe zai iya karanta ta a jikin gilashin da ke gabansa, an zana ta kusa da lambar ninkawa: 10 da 0.25, 40 da 0.65, 100 da 1.25. In aka yi lissafi da koren haske, gilashi na farko yana raba abu biyu da ke da tazarar nanomita 1,100, na biyu kimanin 420, na uku kimanin 220. Daga nan kuwa an zo bango. Madubin likita mai aiki da hasken da ido ke gani ba ya sauka ƙasa da misalin nanomita 200, ko da a wace masana'anta aka ƙera shi.

Yanzu sai mai karatu ya jera cututtukan da suka addabi jama'a a kan wannan ma'auni. Jar ƙwayar jini faɗinta maikiromita 7 zuwa 8 ne. Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, lokacin da take 'yar ƙarama mai siffar zobe a cikin jar ƙwayar, ba ta wuce maikiromita 1 zuwa 2 ba, watau ta fi iyakar Abbe sau biyar zuwa goma, don haka ana ganin zobenta da jan ɗigon da ke jikinsa in an rina da rinin Giemsa. Likitan sojan Faransa, Alphonse Laveran, shi ya fara ganinta a jinin wani majinyaci a birnin Kusantina na Aljeriya a 1880. Ƙwayar tarin fuka, wadda Robert Koch ya bayyana a 1882, tsawonta maikiromita 2 zuwa 4 ne, amma kaurinta bai kai rabin maikiromita ba, saboda haka sai ta fito kamar ɗan jan zare. Ƙwayar sanƙarau ba ta cika maikiromita ɗaya ba, ita ma ana ganinta, biyu-biyu, a ruwan ƙashin baya.

Ƙwayar shan inna fa? Faɗinta kimanin nanomita 30 ne, watau kusan kashi ɗaya cikin bakwai na iyakar. Ta zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na ƙasar Borno, akasari ɗari da 'yan kai ce. Babu ma'aikacin da zai gan su ta madubin asibiti ko da zai kwana yana dubawa, kuma wannan ba gazawarsa ba ce. Dalili ke nan da ya sa in yaro ya sami shanyewar ƙafa farat ɗaya akan ɗauki bayan-gidansa a sa a sanyi a aika manyan ɗakunan gwaji na Ibadan ko Maiduguri, maimakon a duba nan take. Iyayen da ke ganin kamar ana ja musu rai ne ya kamata a riƙa yi musu wannan bayani.

Annobar sanƙarau da ta ɓulla a Zurmi a ƙarshen 2016, ta bazu a jihar da maƙwabtanta a 2017, ta kuma ci rayuka fiye da 1,000 a faɗin ƙasar nan, ta nuna wata fuskar iyakar. Madubi yana iya nuna cewa ƙwayar sanƙarau ce, amma ba zai ce nau'in A ba ce ko nau'in C, domin bambancin yana cikin sinadarin rigar da ta lulluɓe ƙwayar, abin da haske ba ya kamawa. Alhali kuwa rigakafin da aka yi wa jama'a a shekarun baya na nau'in A ne, wadda ta zo kuma nau'in C ce. Sai da gwaje-gwaje na daban aka tantance.

Ɗigon mai

Mai ziyara a ɗakin gwaji zai lura ma'aikaci yana ɗiga wani ɗan mai a kan fallen gilashi kafin ya sauke gilashi mai sau 100. Waɗansu sukan zaci don santsi ne. Gaskiyar magana ita ce, in iska ce tsakanin falle da gilashi, hasken da ya fito a karkace yakan kauce ya ɓace, kuma lambar baki ba za ta taɓa kai 1 ba. Man da aka tanada domin wannan aiki yana karya haske kusan daidai da yadda gilashi ke yi, adadinsa kimanin 1.515, don haka hasken yakan miƙe ya shiga ba tare da ya san ya sauya gida ba. Ta haka ne lambar ke hawa 1.25. Gilashi mai sau 100 da babu mai, ninkawarsa tana nan sau 100, amma hoton ya dushe, zoben maleriya da ɗigon dattin rini sun zama abu guda.

Ke nan kwalbar mai 'yar ƙarama, wadda kuɗinta bai taka kara ya karya ba in aka kwatanta da na na'urar, tana iya mai da madubi mai tsada abin ado in ta ƙare ba a sayo wata ba. Man gyaɗa ko wani man da aka samu a kusa ba ya maye gurbinta, domin ba ya karya haske daidai, kuma yakan daskare a bakin gilashin. Haka nan ƙurar hunturu da ke kankare fuskar gilashi in an goge shi da gefen riga, da furfurar da ke tsirowa a cikinsa saboda laimar damina, duk suna rage ƙarfin da aka biya kuɗi aka saya. Akwai kuma gilashin da ke ƙarƙashin teburin na'urar, mai tattaro hasken fitila. In aka bar shi a ƙasa, ko aka tsuke kafarsa don a rage ƙyalli, dalar hasken ta ƙuntata, kuma an zubar da wani kashi na waccan lamba ta 1.25 ba a sani ba. Ƙa'ida ta ce a duba aƙalla fage 100 a kan jini mai kauri kafin a rubuta cewa babu ƙwayar cuta. Duba fage 100 ta cikin gilashin da ya dushe wahalar da ido ne kawai.

Shi ma launin haske yana da nasa tasiri. In aka sa shuɗi mai zangon nanomita 450 a lissafin Abbe, iyakar takan sauka zuwa kimanin 180, in kuwa ja ne mai 650 sai ta hau 260. Shuɗin gilashin da ke kan fitilar yawancin na'urori babban aikinsa shi ne gyara jaja-jajan hasken ƙwan lantarki, amma yana ɗan taimakawa ta wannan fuska. Wata matsalar kuma ita ce gilashi ba ya karya launuka daidai da juna, shuɗi ya fi karyewa, saboda haka kowane launi da tasa matattarar. Wannan ne ke jawo bakan-gizon da ake gani a gefen abubuwa a na'urori masu arha. Tun ƙarni na 18 ake magance shi ta hanyar haɗa gilasai iri biyu, John Dollond ya yi rajistar dabarar a Ingila a 1758, kuma a 1886 Abbe da abokin aikinsa Otto Schott suka fito da gilasan da suka fi gyara shi.

Tun da zango ne ya gindaya iyakar, hanyar tsallake ta ita ce a sami gajeren zango. A 1931 Ernst Ruska da Max Knoll suka ƙera madubi a Berlin mai aiki da igiyar elektiron, wadda zangonta ya fi na haske gajarta sau dubbai, kuma da irinsa ne aka ga siffar ƙwayoyin bairos. A 2014 aka ba masana uku lambar Nobel saboda dabarun zagaye iyakar Abbe da haske mai walƙiya. Waɗannan na'urori na manyan cibiyoyin bincike ne. Amma wanda ya taɓa sayen faifai a kasuwar Gusau ya taɓa wannan ilimi da hannunsa: faifan CD ana karanta shi da haske mai zangon nanomita 780, na DVD da ja mai 650, na Blu-ray da shuɗi mai 405. Girman faifan ɗaya ne, amma na farko yana ɗaukar megabait 700, na biyu gigabait 4.7, na uku gigabait 25, saboda tabon hasken ya ƙanƙance.

Waya da dutsen Kwatarkwashi

Dokar da ke aiki a asibiti ita ce ke aiki a aljihu. Gilashin babbar kyamarar wayar hannu nisan matattararsa 'yan milimitoci ne, faɗin bakinsa kuma misalin milimita 2 zuwa 3. Matafiyin da ya tsaya kilomita ɗaya daga dutsen Kwatarkwashi, a ƙaramar hukumar Bungudu, ya ɗaga irin wannan waya, lissafin Rayleigh ya nuna ba za ta raba abu biyu da ke kan dutsen ba sai tazararsu ta kai kusan santimita 27. Kyamara mai matattarar milimita 200 da bakin milimita 50 kuwa, a ƙa'ida za ta raba abin da bai kai santimita 2 ba, in iska ta natsu babu ƙura. Jan hoto da yatsa biyu a fuskar waya ba ya sauya faɗin baki, buɗa tabon kawai yake yi. Haka kuma miliyoyin ɗigogin da kamfanoni ke tallatawa: faɗin tabon haske a cikin irin wannan kyamara ya haura maikiromita 2, alhali a wayoyi da yawa kowane ɗigo bai kai maikiromita ɗaya ba, don haka ɗigogi da dama suna rabon tabo guda. Abin da wayar ke cikewa da shi daga baya ƙiyasin kwamfuta ne.

Ga madubin likita, masana sun daɗe da kafa mizani, cewa ninkawa mai amfani ba ta wuce sau 1,000 na lambar baki ba. Gilashi mai 1.25 ke nan iyakarsa misalin sau 1,250, shi ya sa asibitoci ke haɗa mai sau 100 a ƙasa da mai sau 10 a wajen ido, jimla 1,000. Kwalin da aka rubuta wa sau 2,000 an dai sa gilashin ido mai sau 20 ne, hoton ya yi faɗi ya yi duhu, filin dubawa ya ƙuntata, ba tare da ƙarin komai ba. Ya kamata jami'an da ke sayen kaya domin asibitocin karkara da ɗakunan kimiyya na makarantun sakandare su nemi ganin lamba ta biyu a jikin gilashin kafin su sa hannu, su kuma sa kuɗin mai da takardar goge gilashi da ƙwan fitila na canji a cikin kasafin shekara, su tafi da ma'aikacin ɗakin gwaji ya ɗora fallen jini ya duba tun a gaban ɗan kwangila.